Diyyar Ƙafar Kalla

Kalla mutumin Tamaske ne, manomi kamar ubansa, sai dai Allah ya ba shi hannun kiwo. Ragon da ya ƙi ci a gidan wani, in aka kawo masa, kafin kasuwa ta zagayo ya murmure. Wannan ne ya sa Alhaji Isiyaku, wani falke na Madawa mai kai raguna Ikko duk goshin babbar salla, ya aiko nemansa a daminar 1982. Ɗaya daga cikin masu yi masa rakiyar dabbobi ya kwanta ciwo, Alhaji yana son wanda zai maye gurbinsa.

A shekarar layya ta faɗo ƙarshen damina. An gama maimai, gero ya fid da kai, babu abin da ya rage a gona sai jira. Kalla ya shawarci wansa Maiguwa, wanda suke gida ɗaya, gandu ɗaya.

"Tahi," in ji Maiguwa. "In hatsi ya nuna ba ka komo ba, mun ishe shi."

Cima, matar Kalla, tana goyon ɗiyarsu ta biyu. Ba ta ce masa kada ya je ba. Mazan Adar kusan duk ƴan biɗa ne, wato masu zuwa ci-rani, wanda bai je Abijan ba ya je Kano, nata mijin ne ma ya daɗe a gida. Ta daka masa gumba, ta ƙulle a tsumma.

Daga Madawa suka kora ragunan a ƙasa, ta Bangi da Sabon Birni, har Ƙaura Namoda inda layin dogo ya ƙare. Nan Kalla ya fara ganin jirgin ƙasa, yana da shekara talatin da wani abu. Aka loda dabbobin a tarago-tarago, kowane tarago da mutum guda a tsaye a tsakiyarsu. Aikinsa shi ne duk ragon da ya faɗi ya tashe shi kafin sauran su tattake shi, in jirgi ya tsaya ya ba su ruwa da harawa. Kalla ya ji daɗin aikin. Da ya saba da girgizar, har waƙa yake yi wa ragunan.

Ruwa kuwa bai ɗauke ba tun da suka bar Gusau. Sun wuce Zariya, ƙasa ta koma kore shar, irin koren da bai taɓa gani a Adar ba. Da hantsi, yana leƙe ta tsakanin katako yana kallon wasu mata a gonar dawa, ya ji taragon ya nutsa ta gefe ɗaya kamar jakin da ya taka rami. Sai ƙarar ƙarfe. Raguna suka zubo masa gaba ɗaya, rufin ya koma ƙasa, ƙasa ta koma sama.

Da hankalinsa ya dawo, yana kwance cikin laka a bakin wani rafi, ƙarfen ƙasan taragon ya danne masa ƙafar dama. Bai ji zafi ba da farko. Abin da ya cika masa kunne kukan raguna ne, waɗanda suka karye suna shure-shure kewaye da shi. Mutanen ƙauyen kusa sun sheƙo da gatura da fartanya. Mutumin farko da ya tsuguna kusa da shi, Kalla ya kama rigarsa.

"Ku yanka su," ya ce. "Kada su zam mushe, dukiyar mutane ta."

Sai bayan azahar aka samu abin ɗaga ƙarfen. A asibitin wani gari da bai san sunansa ba, likitoci suka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Ɗakin da aka kwantar da shi cike yake da mutanen jirgin, don akwai taragon fasinja biyu a baya, su ma sun kife. Kowa da abin da yake cewa ya jawo hatsarin. Wani ɗan kasuwa da ya karye a haƙarƙari ya rantse direba gudu yake yi saboda ya makara. Wata mata mai jinyar mijinta ta ce ruwa ne ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin dogo a bakin kwalbati, ƙarfe ya rage a rataye. Wani kuma ya ce mutanen ƙauyen sun daɗe suna ganin wurin yana zaizayewa, sun faɗa wa masu gyaran hanya, aka ce za a zo. Kalla yana jinsu. Shi abin da ya sani, yana kallon mata a gona, sai ƙasa ta kuɓuce.

Tun bai fara iya zama ba, wasu mutum biyu daga kamfanin jirgin suka zo, da tafinta. Suna bin gado-gado, suna ajiye wa kowa gwangwanin madara da burodi da ƴan kuɗi a ambulan. Da suka iso kansa, babban cikinsu ya yi magana da Turanci, fuskarsa da alamun tausayi na gaske.

"Ya ce sannu," in ji tafinta. "Ya ce yaya kake ganin abin nan ya faru? Kana da ƙorafi a kan wani?"

Kalla ya ji nauyi. Manyan mutane sun tako har gadonsa, sun kawo masa alheri. Ya amsa yadda aka koya masa tun yana yaro, yadda kowa a Tamaske zai amsa in an zo masa jaje.

"Ikon Allah na. Ban riƙe kowa ba."

Aka rubuta. Tafinta ya ce ya dangwala yatsa, shaidar madarar da kuɗin sun shiga hannunsa. Ya dangwala.

Alhaji Isiyaku ya zo sau biyu. Shi ma ya yi asarar da ta kusa durƙusar da shi, amma ya sayi magani, ya aika gida da labari. Sai da aka gama yankan gero aka ɗaure dammuna Maiguwa ya samu tahowa. Da ya shigo ɗakin ya ga zanen da ke kwance shafal inda ƙafa ya kamata ta kasance, sai ya zauna a ƙasa kusa da gadon, ya fara ba ƙanensa labarin gona: wace ta yi kyau, wace tsuntsu ya ɓata. Ya daɗe yana wannan labari.

A kwanakin ne wani lauya ya fara zuwa, irin wanda a Nijar ake ce wa aboka. Matashi ne, mutumin kudu, Hausarsa a karkace amma ana ganewa. Yana tattara waɗanda suka ji rauni don a kai ƙara tare. Ya yi wa Maiguwa bayani dalla-dalla. Idan aka tabbatar kamfani ya san hanya ta lalace bai gyara ba, ko direba ya wuce gudun da aka ƙayyade masa, to doka ta ce a biya diyya, kuma diyyar ƙafar manomi ba ƙarama ba ce. Idan kuwa aka ce ruwa ne irin wanda ba mai iya hangowa, ba kowa da laifi.

"Ya sa hannu a wata takarda?" lauyan ya tambaya.

"Ta madara," in ji Kalla.

Lauyan ya je ya nemo ta. Da ya dawo bai zauna ba. Ya ce takardar ta ce Kalla ya karɓi abin da aka ba shi a matsayin biyan komai, kuma da bakinsa ya ce hatsarin daga Allah ne, ba ya tuhumar kowa.

Maiguwa ya ce, "To mi zai ce? Akwai abin da ba daga Allah ba?"

"Na sani," in ji lauyan. "Ni ma mai addini ne. Amma a kotu wannan kalma tana da wata ma'ana." Ya ce ba a rasa mafita ba. Mutum yana cikin zafin ciwo, bai iya karatu ba, ba a karanta masa ba. Alƙali na iya soke takardar, sai dai dole Kalla ya tsaya gabansa da kansa ya faɗi yadda aka yi. Ya ce su yi haƙuri, shari'a tana da jan lokaci.

Ba su samu yin haƙurin a can ba. Farkon shekarar 1983 rediyo ya sanar duk baƙon da ba shi da takardun zama ya bar ƙasar. Maiguwa na kwana a barandar asibiti, ba shi da komai sai katin haraji na gida. Dungulmin Kalla bai gama warkewa ba, aka ba shi sanduna biyu aka sallame shi. Suka hau kamiyo, babbar motar kaya, cike da ƴan Adar da ƴan Arewa, kowa da ƙunshinsa, aka sa Kalla a kan buhunan wani, har Ƙonni.

Mahaifiyarsu, Iya, tana zaune a ƙofar ɗakinta da suka shigo. Ta dubi fuskarsa, ba ta dubi ƙasa ba. Ta ce, "Kun sha hanya. A ba su ruwa." Cima ta kawo ruwan, ta durƙusa ta miƙa masa. Babbar ɗiyarsu ta ɓuya bayan rumbu, ta ƙi fitowa sai washegari.

Mutane suka yi ta zuwa jaje, kowa na cewa ikon Allah. Kalla na amsawa, "Haka na." Amma yanzu duk lokacin da ya ji kalmar sai ya ji haushi ya taso masa, ya kuma ji kunyar jin hakan, ya yi istigfari a ransa.

Da ruwa ya sauka ya ce shi ma zai je gona. Shuka ya iya, yana dogara sanda yana jefa iri, Cima na rufewa da ƙafa a bayansa. Noma ne ya gagara. Hauya tana son mutum ya tura ta yana tafiya, hannu biyu a kan ƙota. Ya gwada da sanda a hammata, ya faɗi. Ya gwada a zaune yana jan jiki, kafin rana ta take bai gama kunya biyu ba, dungulmin ya fashe yana jini. Maiguwa ya ɗauke shi a baya ya kai shi inuwar gawo, ya koma ya nome rabon mutum biyu.

Bayan kaka suka hau jaki zuwa Keita, biron kumandan, wato ofishin mai mulkin yankin, ko hukumar ƙasarsu za ta sa baki. Wani ma'aikacin gwamnati mai farin gashi ya saurare su har ƙarshe, bai katse su ba.

"Ku gahwarce ni," ya ce. "Nan ƙasar ko taku guda na dogo babu. Ban san inda zan rubuta wanga zance ba. Abin da ya auku can, alƙalin can ka yanke shi. In kuna so in yi muku takarda zuwa Yamai, sai in yi, amma ba ni ce muku za a amsa."

Ya yi musu takardar. Ba a amsa ba.

A lokacin ƴan biɗa sun fara komawa Najeriya a hankali, kamar ba a taɓa korarsu ba. Maiguwa ya bi su shi kaɗai, ya sami lauyan. Ya dawo da labari mai daɗi: an sa ranar da za a ji bakin Kalla, bayan ƙaramar salla mai zuwa. Lauyan ya ce wasu mutanen ƙauyen da hatsarin ya faru sun yarda su ba da shaida a kan zaizayar. A karon farko tun dawowarsa aka ji Kalla yana dariya a zaure. Ya fara maimaita abin da zai faɗa wa alƙali, Maiguwa na yin alƙalin. Cima ta sayar da akuyarta don guzuri. Ba ta taɓa tambayar nawa ake sa ran samu ba, abin da ta ce kawai, in an samu a fara da yi masa ƙafar roba irin wadda ta gani ga wani tsohon soja a Tawa.

Da bazara, kafin azumi, aka rufe iyakar Najeriya gaba ɗaya. Mutane suka ce kwana kaɗan ne. Azumi ya zo ya wuce ba a buɗe ba.

Suka tashi duk da haka. Mota ta kai su Sabon Gida, daga nan suka yi hayar jaki zuwa wani ƙauye na bakin iyaka inda masu fasa-ƙwauri ke ƙetarar da mutane ta daji. Jagoran farko da Maiguwa ya samu ya dubi sandunan Kalla ya girgiza kai.

"Ba ƙiyayya ba ta, malam. In soja sunka biyo mu, kowa ƙahwarshi ka hidda shi. In bar ka cikin daji, ko in tsaya a kama mu duka?"

Na biyu ma haka. Na uku, wani dattijo mai jakai, ya yarda ya bi da su da rana tsaka kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Sun wuce gonakin ƙarshe na Nijar, sun kai wata rijiya, sai ga sojoji a ƙarƙashin tsamiya. Dattijon ya juya jakansa ba tare da ko sallama ba. Aka sauke Kalla, aka zaunar da su a rana.

Can da la'asar wani kofur, Bahaushe, ya kawo musu ruwa a kwano. Maiguwa ya nuna masa takardar kotun. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa, ya dubi ƙafar Kalla.

"Takardarku gaskiya ce," ya ce. "Amma ba ni na rufe hanya ba, ba kuma ni zan buɗe ta ba. Ko na kau da kai kun wuce, shinge nawa ne gabanku kafin Zariya? Wani wurin ba za a ba ku ruwa ba. Ku koma gida tun da jakinku yana hannunku."

Kalla ya ce, "Ranka shi daɗe, magana guda zan hwaɗa ma alƙali. Guda ɗai."

"Na ji ka," in ji kofur. Ya taimaka aka ɗora shi a kan jakin.

A hanyar dawowa suka lura da abin da hankalinsu bai kai ba a zuwa. Gero ya tsaya iya gwiwa, ya fara yin fari. Daminar ba ta ƙara ruwan kirki ba. Shekarar nan babu wanda ya ɗaure dami a Tamaske. Shanun Maiguwa biyu suka mutu, jakin gidan ma aka sayar da shi a kuɗin tiya kaɗan ta dawa. Iya ta riƙa tura kwanonta wajen jikoki tana cewa ta ƙoshi, da sanyi ya shigo tari ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. A wannan shekara ba wanda ya ƙara ambaton jirgi ko alƙali a gidan. Kowa na da nasa abin kuka, ƙafa guda ba ta zama labari ba.

Abin da ya riƙe su shi ne aikin furoje, wani shirin raya karkara da aka buɗe a ƙasar Keita, na tare ruwa da jera duwatsu a jikin tsaunuka. Da abinci ake biya, dawa da mai da gwangwanin kifi. Maza sun watse biɗa, mata ne suka cika wurin. Cima ta shiga. Tun asuba take fita da gammo a ka, ta dawo da yamma tafin hannunta ya tsattsage. Kalla ke zama da yara. Ya koyi hura wuta, ya koyi dama koko, in maƙwabta sun shigo sai ya ture tukunyar gefe.

Sai 1986 aka buɗe iyaka. Maiguwa ya yi aikin albasa a fadamar wani har ya haɗa kuɗin mota, ya tafi. Lauyan yana nan, ya ƙara jiki, ya gane shi tun daga ƙofa. Ya ba shi kujera, ya ce an gama shari'ar tun bara. Masu bincike sun ce ruwan shekarar ya wuce misali, amma sun kuma ce an yi jinkirin duba hanya, don haka aka sasanta, waɗanda suka bayyana aka ba su wani abu. Kalla an kira sunansa ba sau ɗaya ba. Lauyan ya faɗa wa alƙali hanya a rufe take, aka ɗaga, aka sake ɗagawa, daga baya aka cire sunan, takardar da ya dangwala ta tsaya yadda take. Lokacin da doka ta bayar na sake shigar da ƙara kuma ya wuce.

"Ba shi ya ƙi zuwa ba," in ji Maiguwa.

"Na sani."

"To wa za mu gani?"

Lauyan ya ce zai iya karɓar kuɗinsu ya ce zai gwada, amma ba zai yi musu haka ba. Ya ciro kuɗin mota daga aljihunsa ya ba Maiguwa.

Da Maiguwa ya iso Tamaske bai shiga gida kai tsaye ba, ya tsaya masallaci har aka yi la'asar. Ya tarar da Kalla a tsakar gida yana tufka igiya. Suka gaisa, ya zauna, ya faɗa masa komai yadda aka faɗa masa, bai rage ba.

Kalla bai daina tufkar ba. Can ya ce, "Waɗanda anka ba, sun samu abin kirki?"

"Ya ce ba yawa."

"Mai haƙarƙarin nan ya samu?"

"Ban tambaya ba."

"Yaya, kada ka sake tahiya. Ka bar ɗiyanka da yunwa sabo da ni ya isa."

Cima tana bakin murhu, ta ji duka. Ta sauke tukunya, ta zuba wa Maiguwa nasa, ta aika masa da shi.

Bayan ƴan kwanaki Kalla ya ji ana cewa furoje na ɗaukar maza masu saƙa ragar waya, wadda ake cikawa da duwatsu a bakin ƙorama. Aikin zaune ne, hannu kawai yake so. Da safe ya bi matan da ke zuwa aikin a kan sandunansa. Sun yi ta rage tafiya saboda shi, har ya ce su wuce kada a rubuta musu latti. Rana ta yi sama kafin ya kai. Shugaban aikin ya dubi igiyar da ya kawo don a ga hannunsa, ya ja ta, ya yaba. Ya ce masu saƙa sun cika, amma ya sake leƙowa in wata ya kama, wataƙila wani ya tafi.

Hammatarsa ta sale, ba zai iya komawa a lokacin ba. Ya samu wani dutse a gefen hanya ya zauna, ya ajiye sandunan. Daga nan yana hango matan a jere a jikin tsauni, suna hawa suna sauka da duwatsu a ka. Ya yi ta neman Cima a cikinsu, nisa ya hana shi gane ta. Ya zauna jiran su tashi, su koma gari tare.